Goron da Na Dawo da Shi Daga Damagaram

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Matan Kawo, wannan ta shigo wannan ta fita, kowa da tambayarta: yaya Damagaram, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon kamu, da gaske ne na tare jirgin sama da hannuna. Ban tare jirgi da hannu ba, kuma wadda ta fara yaɗa wannan maganar na san ta. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce wa Binta, matar ɗana, tunda ita ta yi makaranta, ta ɗauko biro ta zauna. Ni ban yi karatun boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Duk wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Mijin ƙanwata Hajo ne ya rasu a can, dole in je gaisuwa. Sannan kuma ɗana na fari yana garin. Kun san ba a faɗin sunan ɗan fari, ni kuwa na riƙe abin da ƙarfi fiye da yadda matan yanzu ke riƙewa. Tun da na haife shi ban kira shi ba, ban zauna na dube shi ido cikin ido ba. In ina so ya ji magana, sai in faɗa wa Binta yana zaune, ko in faɗa wa bango. Mutane Injiniya suke ce masa. Gyaran jirgin sama yake yi a wani ƙaramin kamfani da ke filin jirgi na Mando, nan Kaduna. Da farin nan ya tsananta a Nijar, aka ɗauki jirginsu haya yana kwasar hatsi daga Damagaram zuwa can arewa inda mota ba ta isa da wuri, shi kuma aka haɗa shi da jirgin, duk inda ya tashi yana ciki. Ya tafi Binta na da tsohon ciki. Ta haihu, aka yi suna, ba ya nan.

Binta ta haɗa masa yaji da kuka da daddawa. Ni kuma na shiga kasuwa na zaɓo goro, farare manya, aka naɗe mini a ganye aka ɗaure a tsumma mai laima. Na taɓa jin yana gaya wa Binta cewa goro ne ke riƙe masa ido a wurin aiki. A ganina gata na yi masa.

Daga tashar Kawo zuwa Kano babu wani labari, sai wata mata da ta ɗora mini kwandon kajinta a ƙafa tun daga Zariya tana cewa yanzu za ta ɗauke. Na kwana a Fagge gidan 'yar ƙawata. Da safe aka sama mini babbar mota mai zuwa Damagaram da kaya, fasinja a saman kayan, ni kuma saboda tsufa aka ba ni gidan gaba kusa da direba.

Ɗanjuma sunansa, mai fara'a, baki ja da goro. Ba mu bar gari ba ya gaya mini daga Ikko ya taso, kuma tun da ya taso bai miƙe bayansa a tabarma ba.

Na ce, "To me ya hana ka kwanciya a Kano?"

Ya ce, "Iya, mai kaya ba ya son jin direba ya kwanta. Mu barcinmu a kan sitiyari muke yinsa, da ido ɗaya."

Dariya ya yi, ni ban yi ba. Na riƙa satar kallonsa. Da na ga kansa ya fara lilo sai na kwance ƙullina na miƙa masa goro guda, na yi ta jansa da hira, ni da ba na son surutu. Na tambaye shi matarsa, na tambaye shi garinsu, yana amsawa yana tauna. Mun wuce Kazaure ke nan na tambaye shi ko 'ya'yansa nawa, bai amsa ba. Na duba, idonsa a buɗe tar, yana kan hanya, goron na cikin bakinsa, amma babu kowa a cikin idon. Motar ta sauka daga kwalta a hankali kamar an ja ta da igiya, ta shiga yashin wata gona, ta tsaya a jikin tarin kara.

Ba wanda ya ji ciwo. Tulun manjan wata mata ne ya kife a kan wani malami mai farar riga, ya sauko yana salati yana ɗiga. Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "Wallahi Iya ban rufe ido ba."

Na ce, "Na gani, ba ka rufe ba."

Maza suka haƙe yashi suka tura, shi kuma ya wanke fuska muka ci gaba. Na ɗaure goron na ajiye a cinya. A raina na ce sakacinsa ne.

Muka wuce Daura muka isa Kwangwalam. 'Yan kwastan namu suka leƙa suka ce mu wuce. A ɓangaren Nijar kuwa muka tarar an gitta itace a hanya, rana tsaka, jandarma ya cire takalmi ya miƙe a gadon zane ƙarƙashin bishiyar bedi, hula a kan fuska. Ofishin a rufe. Aka ce mana haka suke yi, da rana ta take kowa kwanciya yake, sai an kusa la'asar a buɗe. Fasinjojin da suka saba hanya suka shimfiɗa tabarmi. Ɗanjuma ya shige ƙarƙashin mota, nan take ya fara minshari. Ni kuwa na kasa zama. Na je bakin itacen na dawo, na sake zuwa na dawo. Gaisuwar mutuwa za ni, ƙato yana barci da kakin gwamnati a jikinsa. A Kaduna ka yi haka a ofis, kafin ka farka an ba wani kujerarka.

Da suka ga dama suka tashi. Mai duba kaya, ɗan duwan suke ce masa, ya taɓa ƙullina ya ce, "Tsohuwa, goron ga na saidawa ne?"

Na ce, "Na ɗana ne, yana aiki a garinku."

"Mi sunanshi?"

Na kau da kai. Ya yi dariya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ɗan fari ne. Ko ka kulle ta ba ta faɗi." Ya zari goro guda ya ce ladan tashinsa daga barci, ya ɗaga mana itace.

Damagaram gari ne mai duwatsu manya a tsakiyarsa, gidajen Birni na ƙasa da zane a bango kamar na Zariya. Hausa suke yi, sai dai makaranta lakwal ce, babban ma'aikaci kuma mushe. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo kamar sanda, bayansa na yanka dasashi, sai ka tsoma a shayi. Ruwa auna shi ake yi. Furar da aka dama mini ba nono a ciki, Hajo tana ba ni haƙuri, ta ce shanun sun ƙare. A bakin gari kuwa na ga abin da ya hana ni cin tuwo daren farko: Buzaye da Fulani da suka gangaro daga arewa, sun kafa tsummoki a kan itatuwa, mata dogaye masu kyau zaune shiru, ba raƙumi ba akuya, yara ko kuka ba sa yi.

Duk da haka, da rana ta take sai garin ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe. Na ce wa Hajo, "Ku da yunwa a ƙofar gari, kuna barcin rana?"

Ta ce, "Yaya, zafin nan ba irin na Kaduna ba ne. In mutum bai yi ƙailula ba, da la'asar ba ya da amfani ko ga kansa."

Na ce lalaci dai. Sai na tambaye ta ko yaron nan ya zo gaisuwa. Ta ce ya zo, sau ɗaya. Ta ce an ɗaga hannu ana addu'a a zaure, aka shafa, shi hannunsa na sama. Barci ya ɗauke shi a zaune, sai da aka taɓa shi.

Ban runtsa ba sosai. Gari na wayewa na ɗauki saƙon Binta da ƙullin goro, Hajo tana takaba ba ta fita, na shiga tasi ni kaɗai na ce filin jirgi.

Jirgin yana tsaye a gefe, mai farfela biyu, an buɗe murfin injin ɗaya an jingina tsani. Ga buhunan dawa an tara, 'yan dako na zaune a kai suna jira. Wanda ya fara hango ni Kyaftin Bulus ne, matuƙin jirgin, mutumin kudancin Zariya. Na san shi, duk Sallah a gidanmu yake cin tuwon shinkafa. Ya taho da sauri yana cewa, "Mama, ke ce a nan? Injiniya, sauko ka ga ikon Allah."

Ya sauko daga tsanin, ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ni. Na amsa ina kallon buhuna, yadda muka saba. Na ce, "Kyaftin, ka gaya wa abokinka iyalinsa lafiya. 'Yar ta yi ƙiba, goshinsa ta ɗauko."

Kyaftin ya ce, "Ka ji, an ce goshin nan bai ɓata ba."

Ya yi 'yar dariya, ya miƙe, ya fara dube-dube a ƙasa, ya ɗaga tsumma, ya leƙa akwatin kayan aiki. Ya ce, "Kyaftin, ina ka ajiye mini sifana?" Tana hannunsa na dama. Kyaftin ya nuna masa da haɓa, suka yi dariya su biyu, irin dariyar da ba ta da ƙarfi.

Aka ba ni benci a inuwar fiffike, yaron nan ya koma kan tsani. Kyaftin ya zauna da kofin baƙin shayi. Ya ce jiya da yamma suka sauka injin na zubar da mai, suka kwana a kansa, Injiniya na kwancewa shi yana riƙe fitila. Yanzu so suke su tashi kafin rana ta yi zafi, don in iska ta yi zafi jirgi mai kaya ba ya son ɗagawa.

Na ce, "Shekaranjiya fa, kun kwanta?"

Ya shafa kai. Ya ce, "Mama, a ƙa'idar aikinmu akwai hutun da aka ce dole matuƙi da makaniki su yi, ba a yarda a tsallake ba. A Mando muna bi. Amma in ka sauka can arewa ka ga yadda mata ke tsince ƙwayar dawar da ta zube a yashi, bakinka ba ya iya cewa ka gaji." Sai hancinsa ya kai ga ƙullin da ke cinyata. "Goro ne wannan? Allah ne ya kawo ki, namu ya ƙare tun jiya. Injiniya, ga man tafiya ya iso."

Ya miƙo hannu. Har na fara kwance tsumman, sai na tuna bakin Ɗanjuma yana tauna motar na sauka daga kwalta. Na mayar na ɗaure. Na ce, "Ba yanzu ba. Ka gaya wa abokinka ya je ya kwanta. Kai ma haka."

Kyaftin ya ɗaga murya cikin wasa, "An ce ka kwanta."

Daga kan tsani ya ce, "Ka ce mata saura kaɗan."

Wani dogo mai tabarau ya iso, Mushe Isufu, shi ke kula da rabon hatsin. Ya gaishe ni da ladabi, ya dubi agogo, ya ce wa 'yan dako su fara lodi. Suka tashi. Ni kuwa idona na kan tsani, ta gefe, yadda na saba kallonsa shekara da shekaru. Na ga ya sa sifana a wani wuri ya tsaya. Bai juya ta ba, bai cire ta ba. Idonsa a buɗe yana kallon injin. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Na ɗaure wannan kuwa?" Ba wanda ya ji sai ni, don ana ta hayaniyar buhuna. Ya girgiza kai, ya kai hannu zai rufe murfin.

Na duba Kyaftin, ya tafi wajen lodi. Babu bangon da zan faɗa wa, babu Binta. Na miƙe na je gindin tsanin.

Na ce, "Haruna."

Binta ta tsaya da biro a nan, don ita ma ba ta faɗinsa. Na ce mata rubutawa ba faɗa ba ce, ta rubuta, ba zan maimaita ba.

Sifanar ta faɗo ƙasa. Ya juyo yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa da muryata ba. Na ce, "Sauko." Ya sauko zai tsuguna, na ce, "Tsaya. Dube ni."

Ya dube ni, na dube shi. Ashe yana da furfura a gefen kai, ban sani ba. Idon kuwa na riga na san shi tun daga hanyar Kazaure.

Na ce, "Abin nan, ka ɗaure ko ba ka ɗaure ba?"

Ya ce, "Na ɗaure, Inna." Ya waiga ya dubi injin. Ya ce, "Ina jin na ɗaure."

Kyaftin ya riga ya dawo yana bayana, ya ji. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya cire hularsa ya ce wa 'yan dako su dakata. Mushe Isufu ya taho yana tambayar me ya faru, Kyaftin ya ce, "Yau ba ma tashi. Injiniya bai tabbata ba, ni ma in ka tambaye ni abin da na duba da safen nan ba zan iya lissafa maka ba. Jirgi ɗaya gare mu, Mushe."

Mutumin bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni ya juyo ya kalla. Ya ce, "Hajiya, akwai mutanen da ke zaune a yashi suna jiran ƙarar jirgin ga tun jiya. Yau ba su cin komi."

Na ce, "Na ga 'yan'uwansu a bakin gari."

Iyakar abin da na iya cewa ke nan. Ya cire tabarau ya goge, ya tafi.

Akwai wata rumfar kwano da ake ajiye buhunan da aka juye. Nan suka shimfiɗa buhu suka kwanta su biyu, da takalmansu. Kafin in gyara zama barci ya kwashe su. Na jawo benci na tare ƙofa, goro a cinya. Wani ya zo neman Kyaftin, na ce ya dawo. Wani ya zo da takarda, na ce ya dawo. Mai shayi ya zo yana kaɗa kofi, kallo ɗaya na yi masa ya juya. Rana ta take, 'yan dako suka kwanta a inuwar jirgi, mai gadi ya kwanta, garin nan duka ya kwanta, ni da na zage su jiya ni ce ke gadin masu barcin rana. Na yi azahar a bakin ƙofar. Ina kore wa yaron nan ƙuda da gefen mayafi, ina kallon buhunan da ba su tafi ba.

Sai bayan la'asar suka farka. Yaron nan ya wanke fuska ya yi salla, ya hau tsanin, ya bi injin nan tun daga farko a natse, Kyaftin na tsaye a ƙasa. Abin da ya tarar ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Masu cewa an sami noti a kwance, da jirgin ya faɗi, su suka sani, ni ban ji haka daga bakin kowa ba. Mai yiwuwa ya ɗaure tun farko. Na ajiye masa yajin Binta a kan benci, na ce wa Kyaftin, "Ka gaya wa abokinka na tafi." Ya tsuguna daga nesa, na kalli buhuna, muka koma yadda muke.

Washegari da sassafe ina tsakar gidan Hajo na ji tashinsu. Ban iya zama ba ranar, na share gidan da aka riga aka share, na tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa, sai da na ji ƙarar dawowarsu da yamma na ci abinci.

A dawowa muka sake tarar da itacen nan a gitte. Wannan karon na shimfiɗa zane na kwanta kamar kowa, sai dai barcin bai zo ba. Ɗan duwan ɗin ya gane ni, ya taɓa ƙullin ya ce, "Tsohuwa, ba ki gamu da ɗan ba?" Na ce na gamu da shi. Ya ce, "To goron fa?" Na ce ya zari ladansa ya ɗaga mana itace.

Goron da nake ba ku in kun shigo tambaya, shi ne. Ku ci, ku ba jirgi za ku gyara ba.

Har yanzu suna can. Maganar Mushe Isufu ba ta bar ni ba, takan zo mini ina tsakiyar cin tuwo, kuma ban sami amsarta ba. In jirgi ya taso daga Mando ya bi ta kan gidanmu, sai na fita tsakar gida, alhali na san ba nasu ba ne. Makon jiya wani direba ya yi sallama, ya ce Injiniya ya ce a gaya wa Binta ta gaya wa Inna yana kwanciya da rana. Na tambaye shi yaya ya ga idonsa, ya ce shi bai lura ba. Jibi direban zai koma, Binta ta haɗa wani saƙon, ta tambaye ni ko a sa goro.

Na ce ta sa matashin kai.